Bai Haramta Ba Sai Talata

Shafi na 19

Masu cewa na cika jan rai, na ji ku. Ke kuma da kika rubuta a sharhi wai Sietse bai karya dokar kowa ba, a ƙyale bawan Allah ya nemi abincinsa, gaskiyarki, bai karya ba. Karanta dai.

*

Tineke ta jingine kekenta a jikin shingen gidan Heit, babansu, ta ɗan tsaya tana leƙen tagar falo. Ta makara. An riga an jera kujeru zobe guda kamar kowace shekara, na cin abinci da na lambu har da bencin bakin ƙofa, kowa ya ɗora farantin kek a cinya. Yau Lahadi, yau kuma Heit yake cika shekara saba'in da biyar.

Ba bikin ne a ranta ba.

Aikinta a birnin Leeuwarden karɓar ƙwaya ne. Duk mai ƙwaya yana iya kawo guda a gwada masa ya san abin da zai haɗiya, ba a tambayar sunansa, ba a kira masa ɗan sanda. A makon jiya wani saurayi ya kawo mata wata 'yar mitsitsiya mai ruwan hoda, irin mai sa gane-gane wadda har yanzu doka ba ta hana ba. A cikin leda mai hoton zalɓe ya miƙo mata ita. Ta san ledar kamar yunwar cikinta, ta shagon ƙanenta Sietse ce da yake sayarwa ta intanet.

Da safen nan matar ɗakin gwaji ta kira ta a waya, abin da ba a yi ranar Lahadi. An sami wani abu a cikin ƙwayar wanda ba a rubuta a jikin ledar ba. Dangin su kodin ne da tiramol, sai dai su duk yara ne a gabansa. Ɗan ɓurɓushinsa ya isa ya tsayar da numfashin ƙato.

Hukuma za ta fitar da gargaɗi da yamma, amma gargaɗin hukuma sai wanda ya je ya duba. Mutum ɗaya ne yake da adireshin duk wanda ya saya, yana can cikin falo yana cin kek.

Ta shiga.

Ko gidanka ke ci da wuta sai ka gama zagayen gaisuwa kafin ka buɗe baki. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba su hannu.

"Barka da ranar haihuwar yayanki, Tante Aukje."

"Ke ma barka da ta babanki. Kin rame."

"Barka da ranar haihuwar maƙwabcinka, Wiebe."

"Barka da ranar haihuwar abokinka, Harm."

Wiebe da Harm abokan kartar Heit ne, tun kafin a haife ta suke cutar juna a teburi ɗaya. Ta iso kan Heit ta sumbaci kumatunsa.

"Ga 'yar sandan da ba ta kama kowa," in ji shi yana dariya. "Zauna ki ci kek, da kaina na je na sayo. Kar ki ce mini kina rage ƙiba."

Gwaggonta, Tante Aukje, ta jawo hannun rigarta.

"Kin ga babanki kuwa? Tun da Mem, mahaifiyarku, ta rasu ban ga haƙorinsa ba sai bana."

Tineke ta gyaɗa kai. Ta ci loma biyu don kar a ce, ta ajiye cokali, ta dubi ƙanenta da ke can gefe yana ba wata maƙwabciya labarin sabon kwale-kwalensa.

"Sietse, zo ka duba mini sarƙar kekena."

"Yanzu?"

"Yanzu."

*

A ɗakin ajiye kekuna na bayan gida ta tsaya, ta ja ƙofa. Wurin yana warin mai da tsohuwar igiya.

"Ina keken?" in ji shi.

"Mai ruwan hodan nan da kake sayarwa, daga ina ka samo ta?"

"Ke ma barka da ranar haihuwar babanki."

"Daga ina?"

Ya jingina da teburin aikin Heit ya harɗe hannuwa. Tun suna yara haka yake yi in ya san za a daɗe.

"Mutumina na da ya rufe. Kowa yana rufewa, kin fi ni sani. Oda kuma ta yi mini yawa, kowa so yake ya tara kafin Talata. Na sami wani sabo, shi ke nan."

"Ka gwada kayansa?"

"Ya turo mini takardar gwaji."

"Shi ya turo maka."

"Tineke, faɗi abin da ya kawo ki, gahawata tana hucewa."

Ta faɗa masa, ba ta ƙara gishiri ba. Abin da aka samu, da ƙarfinsa, da yadda bai garwayu daidai ba, wata ƙwayar babu komai, wata kuma ta isa a yi jana'iza.

Ya ɗauki wata ƙusa a kan teburin yana juya ta.

"Ƙwaya guda kuka gwada."

"Guda aka kawo."

"To guda ce ke nan. Ta yiwu yaron ya haɗa ta da wata a aljihu."

"A rufe ya kawo ledar. Ni na yage ta."

"Wane yaro ne?"

"Ban san sunansa ba. Ko na sani ba zan faɗa maka ba."

"Shi abin da kika ce an samu, yana cikin waɗanda aka hana?"

Ta san zai zo nan. Ba ta yi zaton zai iso da wuri haka ba.

"Sabo ne. Ko suna bai gama samu ba."

"To ba a hana shi ba."

"Ba a san da shi ba, Sietse, balle a hana shi."

"Ai shi na ce."

Shekara da shekaru ke nan suna wannan wasan da gwamnati, shi da ire-irensa. A hana ƙwaya da sunanta, kafin tawada ta bushe an ɗan taɓa haɗinta an raɗa mata sabon suna, ta dawo kasuwa da wankanta. Ba cinya ba, ƙafar baya. Da gwamnati ta gaji sai ta ce daga ranar Talata ba suna za ta riƙa bi ba, dangi guda za ta haramta, uwa da 'ya'ya har da jikokin da ba a haifa ba. Tun da aka sa ranar shagunan suka karya farashi, masu saye kuma suka yi caa kamar an ce gobe za a daina gasa burodi.

"Ka rubuta musu," in ji Tineke. "Duk wanda ya sayi mai ruwan hoda. Layi ɗaya. Kar ku sha, akwai guba."

Sietse ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Na riga na rubuta."

"Yaushe?"

"A jikin kowace leda. Na bincike ne, ba na sha ba. Da harshe uku ma, don kar wani ya ce bai gane ba."

"Kana ganin akwai mai ɗakin bincike ko ɗaya a cikinsu?"

"Ban sani ba. Ban taɓa tambaya ba. Rashin tambayar nan shi ne sana'ar."

"Yara ne masu zuwa rawa."

"Manya ne, sai sun danna cewa sun kai sha takwas. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Ta dube shi. Fuskar Mem ce sak, har da ɗan ramin haɓa, abin ya ba ta haushi fiye da maganar.

"Saurara ki ji," ya ce, ya sassauta murya. "Ba mugunta ba ce. Abu ɗaya lauyana ya ja mini kunne a kai tun ranar da na buɗe shago. Kar in kuskura in rubuta kalmar da za ta nuna na san sha ake yi. In na ce musu kar ku sha wannan, me na ce ke nan? Na ce na san kuna shan sauran. Duk shekarun nan da na yi ina tafiya a kan layi, saƙo ɗaya zai rushe su. Saura kwana biyu in rufe da hannuna a wanke, ki ce in ɗaure kaina da kaina?"

"In wani ya mutu fa?"

"In wani ya mutu ya sha abin da aka rubuta masa kar ya sha."

"Haka za ka ce wa uwarsa?"

"Lauya zai ce mata."

Bai ji daɗin yadda ta fito ba, ta gani a fuskarsa. Ya ajiye ƙusar.

"To ga abin da zan yi. Yanzun nan zan cire ta daga shago, ba mai ƙara saye. Ranar Laraba kuma, bayan na rufe, in aika musu cewa an sami kuskure a rubutun leda, wanda yake so ya dawo da ita."

"Kuskure a rubutun leda."

"Masu hankali za su gane."

"Leƙa waje ka ga rana. Rabin ƙasar nan tana bakin ruwa, sauran rabin suna filin rawa. Wa zai jira Laraba?"

"Ai kin ce naku gargaɗin zai fita da yamma."

"Zai fita. Wanda ke kwance a ciyawa da leda a aljihu ba ya karanta shafin hukuma. Amma in ya ga saƙo daga mai zalɓe zai buɗe, don ya zaci an ƙara ragi."

Sietse ya shafa ƙeya. Daga cikin gida ana jiyo Tante Aukje tana ba da labarin ƙugunta da aka yi wa aiki.

"Ke fa?" ya ce.

"Ni me?"

"Sakamakon nan na wanda ya kawo ne, ko ba haka dokarku ta ce ba? Ba na mai shago ba, balle ƙanen mai karɓa. Shugabarki ta san kina nan?"

"Ba ta sani ba."

"In ta sani fa?"

"Za ta sallame ni."

"To kin gani. Ni da ke jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ki yi shiru, in yi shiru, Talata ta zo ta wuce."

"Barazana kake yi mini?"

"Lissafi nake yi miki. Ke ce babba, ke kika koya mini lissafi."

Ba ta ji zafin maganar kamar yadda ya so ba. A kan keke ta gama yi wa aikin bankwana, tun kafin ta wuce gadar farko. Abin da ya dame ta shi ne ta zo da shirin faɗa da maƙaryaci, sai ta tarar duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

"Ba ni wayarka," ta ce. "Ni zan rubuta. Ka ce sace ta na yi."

"Da sunan shagona zai fita."

"Sietse."

"A'a."

Ƙofa ta buɗe. Marrit ce, matar Sietse, riƙe da tire na yankakken cuku da tsiran alade, an soka wa kowane yanki ɗan tsinke.

"Nan kuka ɓuya? An gama gahawa, an shiga cuku, Tante Aukje tana ta ƙirga kujerun da ba kowa." Ta dubi wannan ta dubi wancan. "Me kuma ya faru? Gadon ne tun mai shi yana da rai?"

"Ba komai," in ji Sietse. "Koma ciki."

"Mijinki yana sayar da guba," in ji Tineke. "Mai ruwan hodan nan, sabon zubi. Akwai abin da ke tsayar da numfashi a ciki, ya ƙi gaya wa waɗanda suka saya."

"Ba a tabbatar ba, ƙwaya guda ce kawai aka..."

"Wace mai ruwan hoda?" in ji Marrit.

Yadda ta yi tambayar ya sa duk suka juyo.

"Ta cikin sabon kwali?" ta ce. "Wanda ke ƙasan matakala?"

"Me ya haɗa ki da kwalin?" in ji Sietse.

Marrit ta ajiye tiren a kan sirdin wani tsohon keke. Bai zauna daidai ba, cuku ya fara gangarowa ƙasa, ba wanda ya kula.

"Na Heit ne suka ƙare."

Tineke ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Na wa?"

Sietse yana kallon matarsa.

"Na Heit farare ne," ya ce a hankali. "Tsohon zubi. Da hannuna na ware masa."

"Sun ƙare ranar Alhamis. Na gaya maka, kana waya ka ce mini to."

"Ku dakata," in ji Tineke. "Me kuke ba Heit?"

"Ɗan kaɗan ne," in ji Marrit da sauri. "Kwata, kwatar ƙwaya, ba ta sa shi ganin komai. Kowa yana yi yanzu, har likitar haƙorina. Ke ba ki ga yadda ya koma ba bayan Mem? Mutum ya wuni a kujera yana kallon bango, ko labule ba ya buɗewa. Likita ya ba shi magunguna, Heit ya ce suna sa shi jiri ya watsar. Da muka fara ba shi wannan, cikin wata guda ya koma karta."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka."

"Ya san mene ne?"

"Mun ce masa bitamin ne na shagon Sietse."

"Ni kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini."

"Da mun gaya miki da kin yi mana wa'azi," in ji Sietse. Muryarsa ba ƙarfi.

Tineke ta bar wannan, ba lokacinsa ba ne.

"Nawa kika ba shi daga sabon kwalin?"

Marrit ta dubi cukun da ya zube a ƙasa.

"Ai daga Talata ba za a ƙara samu ba. Sai na ce bari in yi masa tanadi. Na zauna na yayyanka masa na shekara guda, na cika masa tsohuwar kwalbar jam ɗin shafa wa burodi."

"Ya fara sha?"

"Jiya da yamma na kawo. Laraba da Lahadi yake sha, da gahawar..."

Ba ta ƙarasa ba.

Tineke ta riga ta fita. Ba gudu ta yi ba, ta tsallake tiyon ban ruwa, ta bi ta kicin, ta ji takun Sietse a bayanta.

Falon yana nan yadda ta bar shi. An buɗe giya, maƙwabciya tana bayanin yadda kuɗin ajiye mota ya tashi a cikin gari. Heit yana kan kujerarsa ta kusa da taga, kansa ya langaɓe gefe, farantin kek yana kan cinyarsa.

Tante Aukje ta ɗora yatsa a leɓe.

"A hankali, barci ya kwashe shi. Murna ce ta gajiyar da shi."

Minshari yake yi. Tineke ta san minsharin babanta, a cikinsa ta girma, ana jiyo shi ta bango biyu. Wannan ba shi ba ne. Ja ɗaya mai kama da kurkurar ruwa a maƙogwaro, sai shiru, shirun ya yi tsawo, sannan wani jan.

Ta durƙusa a gabansa.

"Heit."

Ta girgiza kafaɗarsa. Farantin ya zame ya faɗi.

"Heit, Tineke ce. Buɗe ido."

Ta murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsunta, da ƙarfi, yadda take koya wa sababbin ma'aikata. Ko motsi. Ta ɗaga fatar idonsa, baƙin ya tsuke ya koma kamar tsinin allura. Gefen leɓensa ya fara yin shuɗi.

"Sietse, kira motar asibiti. Ka gaya musu abin da ya sha, da sunansa, da inda ya fito."

Wayar tana hannunsa. Ya dubi mutanen da ke zaune, maƙwabta da dangi, duk sun zuba masa ido.

"In ce musu..."

"Ka ce musu naka ne. Marrit, kama ƙafafunsa mu sauke shi ƙasa."

"Wai me ake yi ne?" in ji Tante Aukje. "Me ya sha? In bitamin ɗin nan ne na kwalba, ku kwantar da hankalinku, ba ya komai."

Tineke ta ɗago.

"Kin san da shi?"

"Yo ba ɗazu ya zagaya da kwalbar ba, kafin ki zo? Su Harm ne suka dame shi da tambayar sirrin ƙuruciyarsa. Ya ce yau ranarsa ce, shi ke rabo, kowa ya ɗiba. Ni dai ban karɓa ba saboda maganin hawan jinina."

"Su wa suka karɓa?"

Tante Aukje ta juya tana duba zoben kujerun, tana nunawa da tsinken cuku.

"Harm ya ɗauki biyu, kin san shi da abin banza. Wiebe ma ya... Wiebe? Kai Wiebe, ana magana."

Kofin giyar da ke hannun Wiebe ya karkace, yana zuba a kan wandonsa a hankali, bai janye ƙafa ba.

"Ina Harm?" in ji Tineke.

Kujerarsa ba kowa.

"Ya ce kansa ya yi nauyi," in ji maƙwabciya. "Ya tafi gida ya ɗan kwanta. Da jikokinsa ya zo, sai ya ce bari ya fara tuƙa su a motarsa ya sauke su gida."